Karkataccen Ƙarfe a Bakin Gado

Ƙarfen ya bugi ƙyauren ɗakin, majinyacin ya buɗe ido. Ƙaninsa ne ya sake shigowa da fallen ƙarfe a hammata, ya wuce ni da matar gidan ko gaisuwar kirki babu.

"Yaya, ga shi ya ƙara ƙi."

Majinyacin maƙwabcina ne, mai lanƙwasa ƙarfe, shi da ƙanin ke riƙe da injin da ke shagon ƙofar gidansu. Tun da ciwo ya kwantar da shi, kullum sai ƙanin ya kawo masa aikin da ya ɓaci. Ni abin bai kwanta mini ba. Mutum yana numfashi da ƙyar, kai kuma sai tatsar abin da ya sani kake yi? Matar ta taɓa raɗa mini cewa injin yake so ya gaje, sirrin aikin kawai ya rage masa.

Majinyacin ya sa aka tayar da shi zaune. Ya shafa kusurwar da babban yatsa, ya yi tsaki.

"Kai dai jaki ne. Ƙarfe yana komawa baya in ka sake shi. Ka ɗan zarce, shi zai dawo daidai da kansa."

Ya tambaye shi ko ya fara gwadawa a guntu, ko ya share kwarmin injin. Ya ce falle mai kauri kwarmi mai faɗi yake so, in ba haka ba ya tsage. Faɗan ya sa shi gumi, har ya nemi shayi ya shanye.

Washegari matar ta tare ƙofa, ta ce ƙarfe ya gama shiga ɗakin nan. Ƙanin ya tsaya da fallensa, ya juya. Ranar majinyacin bai ɗaga kai ba, bai karɓi ko ruwa ba. Da la'asar ya tambaya ko aiki ya daina ɓaci ne. Ba a sake hana ƙanin shiga ba, amma majinyacin bai cika mako ba ya rasu.

Bayan an watse daga zaman makoki na leƙa shagon. Ƙanin yana tsaye gaban injin. Ya tura falle, ya taka fedar injin, ya zaro, ya ɗora ma'auni: daidai. Na gaba ma daidai, ko dubawa bai yi ba. Wannan hannu ba a bakin gado ya koya ba.

Na ce, "Ashe ka iya."

Bai dube ni ba. "Malam, janye hannunka daga nan."

Na koma gida ina juya abin. Yaudara ce, babu shakka. Abin da na kasa rabewa shi ne wa aka yaudara, don marigayin ba mutumin da za a ɓoye wa ƙarfen da aka karkata da gangan ba ne.

Da aka fitar da gadon, an tarar da fallayen jere a jikin bango, kowanne da ɗan karkatarsa. Matar ta ɗauki tsintsiya, ta share gefensu, ta bar su a wurin.