Kwamfutar Pei-shan Ta Ƙi Tashi

Sau bakwai ya danna, sau bakwai ta mutu. Fankoki su ɗauki juyi, fitilun ciki su kama, allo ya fara nuna alamar tashi, sai ɗif, kamar an shaƙe ta. Mijina, Liao Chin-fa, yana tsaye a kanta da sukundireba yana huci, ni kuma ina ƙuryar rumfa ina satar kallon agogo. Ƙarfe huɗu 'yarmu Pei-shan za ta iso daga birnin Taichung ta ɗauki kayanta.

Ba kwamfuta kaɗai za ta zo dubawa ba. Tun da likita ya ce idon ubanta ya fara tafiya take nacin ya rufe rumfar mu koma wurinta. Shi kuwa shekara talatin da ɗaya yana haɗa kwamfuta a kasuwar nan ta Taipei, kuma taurin kansa ya girmi rumfar. Da ta ce tana buƙatar sabuwa don aikinta na zanen gine-gine, sai ya bugi ƙirji: shi zai haɗa mata da hannunsa, in ta tashi lafiya kada ta sake yi masa zancen rufewa. Ta yarda. Ni kuwa ba na son ƙaura, amma ina tsoron abin da nake gani a idonsa.

Ya zare ram biyun, 'yan sandunan da na'ura ke riƙe bayanai a ciki, ya goge, ya mayar da ɗaya. Ta mutu. Ya cire akwatin wuta ya sa wani da ya yarda da shi. Ta mutu. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana lalube da yatsa, taliyarsa tana can ta huce a kwano.

Sai ga Kuo, maƙwabcinmu mai sayar da wayoyi, ya leƙo da ƙaton tumbinsa.

"Yaya Liao, har yanzu gawar ba ta farfaɗo ba?"

"Koma ka ji da igiyoyinka."

Kuo ya dubi saman akwatin kwamfutar ya tafa hannu. "Kai! To ina za ta tashi? Rawaya fa ka ɗora mata!"

Duk kasuwar nan babu mai kunna sabuwar na'ura bai ɗora mata ƙunshin gugguru ba, kuma dole kore, ba a buɗe ba, ba a ci. Kore ne ke kwantar da na'ura. Rawaya kam neman fitina ne.

"Kore ne mana," in ji mijina. "Ni na sayo shi da safen nan."

Kuo ya daina dariya. Ya dube ni. Ni kuwa tun safe na ga ƙunshin rawaya ne, na kasa gaya wa mijina idonsa ne ya ruɗe shi.

"Ni ce," na shara ƙarya. "Yunwa ta kama ni na cinye koren, na ajiye wannan."

"Ke tsohuwa! Cikinki zai kashe mu wata rana!" Har da murna a faɗan nasa, ya samu mai laifi. Kuo ya ruga ya ɗauko koren da ke kan injin rumfarsa, ya ɗora da hannu biyu. Mijina ya danna. Ta ɗauka, ta ɗauka, sannan ɗif. Kuo ya zame ya koma rumfarsa ko sallama babu.

Uku da rabi ta yi. Mijina ya sake kunnawa, wannan karon ya kai bayan hannunsa kusa da furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar. "Zafi ne," ya ce. "Kashe kanta take yi don kada ta ƙone." Hannun nan dai har yau bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya kwance ƙarfen sanyaya da ke zaune a kanta, ya juya gindinsa inda ake shafa man janye zafi, ya kanga gilashin ƙara girma, ya daɗe yana dubawa.

"Man ya shafu daidai. Ba nan ba ne."

Daga inda nake ina hango ta: siririyar ledar da ake liƙo wa sabon ƙarfe, wadda ake ɓarewa kafin a ɗaura, ga jan kunnenta ya leƙo ta gefe. Ko jiya mutum ya fara sana'ar nan ba zai manta da ita ba. Na so in aike shi ya sayo shayi, in ɓare ta a ɓoye, ya ci gaba da zama gwani. Wallahi na so. Amma ƙarya ɗaya ta ishe ni a yini.

Na tashi na kama yatsansa, na ɗora a kan kunnen ledar.

Ya shafa. Ya ja a hankali, ta ɓaro gaba ɗaya. Ya goge ƙarfen, ya sa sabon mai, ya ɗaure, ya danna. Ta tashi sumul, fankoki suna juyi abinsu, amma babu wanda ya yi murna.

"Guda nawa na haɗa tun sabuwar shekara?" ya tambaye ni.

"Tara."

Ya jawo littafin da yake rubuta lambobin masu kaya, ya kawo shi kusa da hanci, ya nisanta shi, sannan ya miƙo mini. "Kira su duka su dawo da su. Ke za ki duba."

Ina kan kira na biyu Pei-shan ta shigo da jaka a kafaɗa. Ta ga allo a kunne, ta dafa ƙirji tana dariya.

"Baba, ka ci nasara! Shi ke nan, na yi shiru, ba zan sake ba."

Ya share hannunsa da tsumma, ya jawo mata kujera.

"Zauna, 'yata. Ɗakin nan da kika ce kin gyara mana, a hawa na nawa yake?"