Shaidar Dattijo Kalmelu

Tun kafin jirgin baƙi ya iso tsibirinmu ƙafar Baba ta fara wari. Ɗan yanka ne dutsen murjani ya yi masa a tafin ƙafa wajen kamun kifi, ciwon suga ya hana shi warkewa, har ya zama gyambo. Ni nake wanke masa shi da ruwan gishiri kowace safiya, yana cizon leɓe yana kirana muguwa. Da aka ce 'yan mishan daga Ostiraliya za su zo da likita su yi 'yan kwanaki, sai na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama.

A majami'a suka kafa tsarinsu. Da safe sujada, da hantsi a ture bencuna gefe wurin ya koma asibiti. Can ana cire haƙori, nan ana gwada tabarau, mai jita yana kaɗa wa 'yan layi waƙar yabo. Ni malamar firamare ce, Turancina ya fi na kowa dama-dama, sai aka ɗora mini tafinta. Baba kuwa, Dattijo Kalmelu, shi ne babba a ikkilisiya. Na ce ya shiga layin likita, ya ce mai gida ba ya riga mutanensa sa hannu a akushi, bari kowa ya gama tukuna.

Washegari a sujada Fasto Brodie, wani saurayi mai jan gemu da ba ya iya wa'azi sai da tsalle, ya ce masu ciwo su fito a yi musu addu'a. Baba ya ɗingisa ya fita. Baƙi suka kewaye shi, suka ɗora masa hannu, aka yi ta kiran sunan Yesu. Da aka ce amin ya taka ƙafar a hankali. Ya sake takawa da ƙarfi. Na ga fuskarsa, ba ƙarya yake yi ba, zafin ya ɗauke ɗif.

"Na warke!" in ji shi. "Jama'a, ku gani, Ubangiji ya warkar da ni!"

Ni kuma ina riƙe da lasifika, dole na juya wa baƙi maganar da Turanci. Majami'a ta kece da guɗa. Tsoho ya yi rawa a kan gyambonsa, baƙi suna ɗauka a waya.

A bakin ƙofa akwai ƙanen Baba, Kalsong, wanda bai ƙara taka majami'a ba tun da guguwa ta cinye matarsa. Ciwon haƙori ne ya kawo shi, ba Allah ba. Sai ga shi ya ratsa mutane ya durƙusa gaban yayansa yana kuka kamar yaro. Kafin rana ta faɗi ya ce a yi masa baftisma, shi da 'ya'yansa maza.

Da safe na kawo ruwan gishiri, na tarar da Baba zaune a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, sanye da baƙin takalminsa na ɗaurin aure, har da safa. A tsibirin da ko sarki ba takalmi yake yawo!

"Baba, cire in wanke."

"Me za ki wanke, Leinasei? Ba ki ji abin da kika fassara ba?"

"Na ji. Hancina ne bai ji ba."

Gwaggo Toumanu, yayarsa, tana gefe tana goga kwakwa. Ta ce, "Kai Kalmelu, wace bazawara ka hango cikin Turawan nan da ka sa takalmi? In aure ne ka faɗa mana mu fara kiwon alade."

"Ke dai kula da kwakwarki, tsohuwa."

"Ina kula. Ƙudajen da ke bin ka ne suke faɗa mini cikin kwakwar."

Bai yi dariya ba. Ya kore ƙudajen da hannu, ya kau da kai. A nan na gane ya riga ya duba ƙafar shi kaɗai, ya ga abin da ke ciki. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni.

Na sami likitan, Graeme, wani dattijo mara yawan magana, a bayan majami'a yana wanke almakashi. Na faɗa masa komai. Ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce a mai ciwon suga ɗaukewar zafi ba sauƙi ba ne, jijiyar wurin ce ta mutu. Ya ce in kawo shi yanzu. In kawo shi da me, da igiya? A wurinmu dattijo in ya miƙe a gaban jama'a ya furta magana, shi ke nan, zarar bunu ce. Ko rikicin gona ne sai an yanka alade kafin a warware, balle maganar da aka sa sunan Allah a ciki.

Likita ya je gida da kansa. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo laplap, gasasshen ƙullin doya, mai zafi a ganyen ayaba, ya yi ta ba shi labarin kifi. Da aka zo kan ƙafa sai ya yi murmushi ya ce, "Gaya masa na gode. Wanda babban Likita ya sallama ba ya komawa wurin ƙarami." Na fassara, kamar in haɗiyi harshena.

Kwanakin da suka biyo baya, duk inda na juya shaidar Baba ce. A buɗe sujada da ita, a rufe da ita. Mutane suka riƙa zuwa a kwalekwale daga tsibirin da ke kallonmu don su ga tsohon da ya yi rawa. Kowace safiya a kira shi gaba ya maimaita, ni in maimaita a bayansa. Ɗingishin ya dawo, sai ya mai da shi tafiyar ƙasaita. Aka yi wa Kalsong baftisma a teku, Baba yana tsaye a kan yashi da takalminsa, ya ce sanyi yake ji. Zazzaɓi ne. Na so in ƙwace lasifika in faɗi gaskiya, amma wace 'ya ce za ta tsaya a majami'a ta ƙaryata ubanta? In yi shiru ƙafa ta tafi, in yi magana mutuncinsa ya tafi. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar tafiyarsu baƙi suka ce suna da al'ada: kafin su bar wuri sukan wanke wa masu masauki ƙafa, yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Aka jera dattawa a benci, aka kawo robobin ruwa da tawul. Gwaggo ta zungure ni ta ce, "Yau ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi." Na yi wa likita ido. Ya ɗauki robarsa ya wuce kowa, ya durƙusa a gaban Baba.

Ba a ƙin baƙon da ya durƙusa maka. Baba ya dube ni, duban da ba zan manta ba, ya miƙa ƙafar. Likita ya yafa tawul a kanta yadda ba mai gani, ya kwance igiyar takalmin, ya zare shi. Safar ta manne, sai da ya jiƙa ta. Jama'a suna ta waƙa, ni na tsuguna a tsakaninsu kamar mai riƙe sabulu.

"Yatsu biyu sun yi baƙi," in ji likita a hankali. "In ya bi mu yau zuwa babban asibiti a Vila, yatsun kawai zai rasa. In ya zauna, ƙafar ce. Ko abin da ya fi ƙafar."

Na faɗa wa Baba yadda aka faɗa, ban rage ko kalma ba.

Ya ɗaga kai. A ƙarshen bencin Kalsong ne zaune cikin farar riga, Fasto Brodie yana wanke masa ƙafa, idonsa a rufe, yana bin waƙar da ya yi shekara da shekaru bai rera ba.

"Leinasei," in ji Baba, "in na hau jirgin nan, me zan ce da shi?"

"Ka ce ba ka da lafiya, Baba. Don Allah. Allah ba ya bukatar ƙafarka."

"Shi ba ya bukata. Wancan fa?"

"Baba, mutuwa za ka yi!"

"Rage murya, ana sujada. Ki ce wa likita ya ɗaure da kyau, yadda takalmin zai shiga."

Likita ya roƙe shi, har idonsa ya kawo ruwa. Daga baya ya wanke, ya sa magani, ya naɗe da bandeji siriri, ya cusa mini ƙwayoyi a aljihu, ya ce in jirgin kaya na gaba ya zo, in yi duk yadda zan yi in kai shi Vila. Ni da shi mun san jirgin kaya sai ya ga dama yake zuwa.

A bakin teku aka rataya wa baƙi furanni, aka cika musu kwalekwale da doya da gwanda. Dattijo ne ke ɗaga waƙar sallama, kuma a tsaye ake yin ta har jirgi ya ɓace. Baba ya ɗaga, muryarsa tar. A baiti na biyu na ji ya jingino da ni, jikinsa kamar garwashi. Na zura hannu ta ƙarƙashin rigarsa na damƙi bel ɗinsa ta baya, na tokare shi da kafaɗa. Kalsong ya matso yana tafi, ya ce, "Kin ga yayana? Kamar saurayi!"

"Na gani, Baba ƙarami," na ce.

Jirgin ya juya hanci. Nauyinsa ya fara fin ƙarfina, Baba ya raɗa mini, "Kada ki saki, 'yar nan. Bai ɓace ba tukuna."