Tabarmar Baba a Layin da Ba Ya Ɓullewa

Ni ce na matsa wa mijina Musbahu mu koma Raihan, kuma ba zan ɓoye ba, ina son unguwar. Tana can gaba da Kalakla, kusa da hanyar da ke bin kogin Farin Nilu. Katanga ta zagaye ta, ƙofa ɗaya ce tak, da mai gadi zaune a bakinta. Kowane layi ka bi sai ya kai ka ga bango, da gangan aka zana shi haka don kada mota ta ratsa ta kaɗe yaro. Ga filin wasa da lilo, ga ciyawar da ake ba ruwa safe da yamma, gidajen kuma duk fenti ɗaya. 'Ya'yana biyu, Wafa da Rim, a tsakiyar titi suka koyi keke, ban taɓa leƙowa da faɗuwar gaba ba. Wadda ta yi renon yara a lungun Omdurman, inda raksha mai ƙafa uku ke shigowa kamar za ta hau murhu, ita ce za ta gane abin da nake nufi.

Matsalata ɗaya ce, mahaifina. Baba Mainasara shekararsa saba'in da tara, ga ciwon suga, ga taurin kai na gado. Shi kaɗai yake zaune a tsohon gidanmu na Omdurman, har ranar da ya zame a banɗaki ya kwanta tun hantsi zuwa la'asar kafin maƙwabta su ɓalle ƙofa. Na yi kuka, na yi faɗa, na roƙa, ya ce ba inda za shi. Musbahu ne ya yi masa dabara. Ya ce, "Baba, ka san inda muka sauka kuwa? Wajen da aka tare Dogo ne." Washegari Baba ya ɗaure akwatinsa na ƙarfe da igiya.

Dogo kakan Baba ne. Daga Katagum ya taso a ƙasa zai je Makka, zamanin Turawa. Ya haye kogi cikin azumi, rana na shirin faɗuwa, sai wani manomi ya tsaya masa a hanya, ya riƙe masa sanda, ya ce ba mai wuce ƙofarsa da ƙishirwa. Dogo ya zauna ya sha ruwa. Zaman nan sai da ya kai shekara goma, aka yi aure, aka haihu, daga baya aka koma Omdurman, Makka kuwa sai jikansa ne ya je masa. Dogo ya ɗauki alkawari cewa a gidansa ba za a taɓa abincin buɗa-baki ba sai da mai wucewa a kan tabarma, wanda ba a san shi ba. Ɗansa ya riƙe, Baba ya riƙe shekara hamsin da wani abu. A Omdurman wannan ba aiki ba ne. Kowa na shimfiɗa a waje, ana tare motoci, ana jan mutane da hannun riga.

A bakin ƙofar Raihan akwai allon marmara da aka rubuta cewa an kafa unguwar a shekarar 2016 a kan fili fetal da ba a taɓa zama a ciki ba. Duk lokacin da muka wuce sai Baba ya sa a rage gudu ya harare shi. "Fetal ɗin gidansu," in ji shi. "Kakana ya sha ruwa a nan." Ina ne takamaiman wurin, ba wanda ya sani. Shi dai ya yanke cewa ƙofar gidanmu ce.

Ranar ɗaya ga azumi na yi asida, tuwon ƙasar nan, da miya, na dafa waken balila, na jiƙa hilu-mur, jan abin shan nan da ba a azumi sai da shi, na dama wa Baba kunun tsamiya irin na gida. Baba ya shimfiɗa tabarma a kan titi, ya naɗa rawani, ya zauna yana kallon bakin layi. Musbahu na gefensa. Wa zai wuce? Layinmu gida takwas ne sai bango. Aka kira salla, Baba ya ci dabino ɗaya, ya kurɓi ruwa, ya rufe faranti. Na leƙo na ce, "Baba, maganinka fa sai da abinci." Ya ce, "Zakiyya, maganin ya jira baƙo kamar yadda nake jira." Sai da sahur ya ci ɗan abin da ya ci. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni.

Rana ta biyu Musbahu ya ce in bar masa. Yana da gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar makanikai, shi da abokin sana'arsa Nasrullahi, wani mai furfura da tumbi wanda Baba bai taɓa gani ba. Aka shirya zai zo kamar ɓatan hanya ya yi. Saura kaɗan a sha ruwa sai ga shi ya ɓullo, ya sha wanka, ya sha turare, jallabiya fara ƙal, yana waige-waige kamar mai neman akuya. Baba ya miƙe da murna har sandarsa ta faɗi. Shi kuwa bawan Allah ya durƙusa ya ce, "Barka da shan ruwa, Baba Mainasara, ya jikin?" Baba ya dube shi, ya dubi Musbahu, ya koma ya zauna. Ya ce, "Ci abincinka, ɗana, ba laifinka ba ne. Amma ka gaya wa wanda ya aiko ka, ni na girme shi." Nasrullahi bai ji kunyar komai ba, ya share asidar tas, ya nemi ƙari.

Rana ta uku Baba ya tafi ƙofar unguwa da kansa. Ya warware rawaninsa ya tsaya a gefen babbar hanya yana kaɗa shi, har wata motar haya da ta taso daga kasuwar Suk al-Arabi ta tsaya, mutum shida suka sauko suna dariya. Mai gadi ya ce bismilla, amma kowa ya kawo katin shaida, ya faɗi lambar gidan da zai je da dalilin ziyara. Direba ya ga za a yi magariba ana cika takarda, ya danna ham, mutanen suka koma. Mai gadin ma ya ƙi bin Baba, wai an hana shi barin kujera. Da dare ya yi sai ga takarda ta ƙarƙashin ƙofa daga kwamitin unguwa: doka ta goma sha huɗu ta hana shimfiɗa a kan titi, doka ta tara ta hana shigo da wanda ba a sani ba. An sa hannu, Ustaz Salih, shugaba.

Da safe na tarar Baba ya sake ɗaure akwatinsa. Ya ce, "Yau ce ta ƙarshe. In aka sha ruwa ba baƙo, gobe Musbahu ya mai da ni Omdurman." Na ce, "Ka koma ka sake faɗuwa ba kowa?" Ya ce, "Can in na faɗi akwai masu ɓalle ƙofa." Maganar nan ta soke ni. Na shiga kicin na huce a kan albasa.

Ustaz Salih fa katanga ɗaya ce tsakaninmu da shi. Shekara uku muna tare, abin da na sani game da shi bai wuce farar motarsa da tarin da yake yi da asuba ba. Ɗan siriri ne mai tabarau, ya yi ritaya daga wani ofis, bai iya tafiya ba sai da fayil a hammata. Shi ba Bahaushe ba ne, don haka duk abin da ya biyo baya da Larabci aka yi shi, ni kuma ina bayan ƙofa da kunne a jikin ƙarfe.

Saura minti goma a sha ruwa ya fito, ya tsaya a bakin tabarmar kamar ya ga maciji. Ya ce, "Hajji, an aiko maka takarda."

"An aiko," in ji Baba. "Kai ne wa?"

"Shugaban kwamiti. Gida mai lamba shida."

"Ban tambayi lamba ba. Ɗan wa ne kai?"

Ustaz ya gyara tabarau ya buɗe fayil ya fara karanta doka ta goma sha huɗu, har da ƙananan sassanta. Baba bai katse shi ba. Ya tambaye shi abin da ake nufi da titi, ya tambaye shi ko buzun salla ma shimfiɗa ne, ya ce kunnensa na hagu ba ya ji, a sake daga farko. Musbahu ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Ni sai a lokacin na gane tsohon nan lokaci yake ja.

Ladan ya ɗaga murya. Ustaz ya rufe fayil ya juya zai tafi, sai Baba ya cafke masa gefen jallabiya. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ustaz ya ce ya gode, abincinsa na jiransa a ciki. Baba ya ce zauna. Ustaz ya ce a matsayinsa na shugaba ba zai yiwu ya hau abin da ya hana ba. Nan Baba ya fito da makamin mazan ƙasar nan idan baƙo ya yi musu gardama. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Na rantse da igiyar aurena, in ka wuce tabarmar nan ba ka ci ba, na saki matata."

Ustaz ya daskare. Ya dubi ƙofarmu, ina jin yana hango wata tsohuwa a ciki da ƙullin kayanta. Ya ce, "Haba Hajji, da girmanka, a kan asida?" Ya cire takalmi, ya ajiye fayil a ƙasa, ya zauna a kan doka ta goma sha huɗu da kansa. Baba ya miƙa masa dabino, ya buɗe faranti, ya kai lomar buɗa-baki ta farko cikin kwana huɗu. Na jingina da ƙofa na yi hamdala.

Sun ci sosai. Ustaz da ya ce abinci na jiransa, ashe gurasa ce da wake na kanti, iyalinsa suna Alƙahira wajen karatun yara, shi kaɗai yake shan ruwa gaban talabijin. Baba ya ba shi labarin Dogo tun daga Katagum, sannan ya tsare shi da ido ya ce, "Kakanka manomi ne a bakin kogin nan, ko?" Ustaz ya ce a'a, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Atbara. Baba ya ce, "To, ba komai, ƙara kunu."

Bayan sun yi salla Ustaz ya matso bakin ƙofa ya yi gyaran murya. Ya ce, "A gaida Hajja, a ce mata ta kwantar da hankalinta, aurenta na nan."

Ban san lokacin da na amsa ba. Na ce, "Ustaz, mahaifiyata Hajaratu shekararta goma sha ɗaya a kabari."

Ustaz ya juya ya dubi Baba, bakinsa a buɗe. Baba yana sakace, ko a jikinsa. Ya ce, "Da maƙwabci ne kai, da ka sani, da rantsuwar ba ta kama ka ba. Ka ga ke nan ban yi wa Dogo ha'inci ba. Baƙo na tare, na gaske."

Na ɗauka Ustaz zai yi fushi. Sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da gefen riga. Ya ce, "Allah ya jiƙanta." Can kuma ya ce, a hankali, "Gobe in zo?"

"Zo mana," in ji Baba, "amma kai ka tashi daga baƙo, na san kakanka. Gida nawa ne a unguwar nan taku?"

"Ɗari biyu da arba'in."

"Ka san su?"

Ustaz ya dubi fayil ɗinsa ya ce, "Ina da lambobinsu."

"Madalla. Gobe ka zo mini da mai lamba bakwai, kada ka gaya masa komai a kan Hajja." Sannan ya juyo wajen ƙofa ya koma Hausa. "Zakiyya, ina maganin nan? Kuma ki kwance igiyar akwatin, tana ɓata mini fenti."

Akwatin nan rabonsa da fenti tun kafin a haife ni. Na durƙusa ina kwance igiyar, hawaye na zuba a kan murfin, Rim na tsaye a kaina tana tambaya ko albasa ce.