Ƙosai a Takardar Adebayo

Mijina Adebayo Bayarabe ne, amma a Suleja aka haife shi, Hausarsa har ta fi tawa daɗi. Yana da ɗan shagon ɗab'i, yana buga katin biki da kalanda. Ni kuma, Asama'u, ƙosai nake toyawa a bakin tasha, inda ma'aikatan Abuja ke jiran mota da safe.

Kansilanmu, Bamalli, shi ne ya sayar da filin rijiyar burtsatsen unguwa, aka tone famfon aka gina shaguna. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Adebayo ne ya zauna ya rubuta abin da ya faru a takarda guda, gaba da baya, Hausa da Turanci, ya buga ta da yawa. Kafin ya raba, labari ya kai. Da rana tsaka yaran Bamalli suka shiga shagon da sanduna. Suka fasa injin, suka fasa masa kai. Ya kwana biyu a asibiti bai san ni ba, ya cika.

An ce ana bincike. Har yau ana yi.

Ranar uku Bamalli ya zo ta'aziyya da farar shadda. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a da ƙarfi, har da share ido. Ina daga ɗaki ina jin muryarsa, na cije gefen mayafina don kada in yi ihu.

Uwar mijina ta taso daga Ibadan ta zauna da ni har na fita takaba. Iya muke ce mata. Ta tsufa ƙwarai, Hausarta a karye take, amma muna fahimtar juna. Wata rana ina shara na jawo kwalaye daga ƙarƙashin gado. Takardun ne. Ashe gida ya kawo su ya ajiye. Na zauna a ƙasa ina kuka.

Iya ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Iyawo take ce mini, wato amarya da Yarbanci. Ta ce, "Iyawo, warin babana ke nan."

Sai ta ba ni labari. Ubanta ma mai ɗab'i ne a zamanin Turawa. Yana fitar da ƙaramar jarida da Yarbanci, yana caccakar wani basarake da ya haɗa kai da Bature a kan haraji. Masu goyon basaraken su ma suna da tasu jaridar, suna ramawa. Wanda ya iya karatu sai ya hau benci a kasuwa ya karanta da ƙarfi, a yi ta musu har a kai ga cin kwala. Da aka tsoratar da masu sayar da jaridar uban nata, suka daina karɓa, sai matan kasuwa suka kwashe ta suna ƙunshe ƙosai da gyaɗa a ciki.

"Wa zai kama mace don ta naɗe ƙosai?" in ji Iya. "Har gidan basaraken jaridar ta shiga, da karin kumallonsa."

Na ce, "Iya, ai mai zai ɓata rubutun."

Ta harare ni. "Ganye a ciki, takarda a waje. Ke ba ki da wayo ne?"

Na koma bakin tasha, lokacin Bamalli na neman zarcewa, hotonsa a kowane bango. Na sa ƙosai a leda, na naɗe da takardar Adebayo, rubutun Hausar yana waje. Na ɗebi wasu na ba Debora mai gasa masara, wadda danginta ma a rijiyar nan suke ɗiban ruwa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓa ta sa a ƙarƙashin tire.

Da farko yarwa ake yi. Sai wata safiya wani direba ya warware tasa yana tauna, ya tsaya.

"Kai jama'a, ku ji! Ashe marigayi har sunan wanda ya sayi filin ya sa!"

Wani mai jaka ya ce, "Ƙarya ce, Onarabul ya yi mana kwalbati."

"Kwalbatin za ka sha in ka ji ƙishi?"

Aka kwashe da dariya. Mota ta cika ta tashi suna musu a ciki. Bayan nan har waɗanda ba sa cin ƙosai suka riƙa zuwa. Da sunan ɗanmu suke kirana: "Maman Yemi, a ba ni na jarida." A teburin mai shayi ana karantawa, a gareji ana karantawa.

Bamalli ya zo da kansa, ya sauke gilashin mota.

"Maman Yemi, haba. Mu fa 'yan uwa ne. Ki bar wannan, mu zauna mu yi magana."

Na ce, "Onarabul, na nawa za a ba ka?"

Wani yaronsa ya fito ya shuri kwalin, takardun suka watse a titi. Kafin ya sunkuya, masu jiran mota sun tsince su tas, wasu na ɗaukar sa a waya. Bamalli ya ɗaga gilashi suka tafi.

Ya faɗi zaɓe. Ko a rumfar ƙofar gidansa bai ci ba. Ban yi guɗa ba, domin bai dawo mini da kowa ba.

Bayan sallah liman ya zo gidana da wani dattijo. Ya ce Bamalli ba shi da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, yana neman in yafe masa in akwai abin da ke tsakaninmu.

"In akwai?" na ce.

Liman ya sunkuyar da kai. Ya yi mini nasiha mai tsawo a kan haƙuri, na saurara har ya gama, don mutumin kirki ne.

Na ce, "Malam, ka gaya masa ya zo bakin tasha da safe, lokacin da ta cika, ya faɗi da bakinsa wanda ya aiki yaran nan. Sannan in yi tunani."

"In kuma ƙafar ba ta kai shi ba, Asama'u?"

"A ɗauko shi. Ni ma ɗauko mini mijina aka yi."