Awon Tasalla na Bana

Ranar wata Alhamis, bayan an kai gero rumbu, Malam Armiya'u ya hana Tasalla hawa babur ɗinsa.

Shekara shida ke nan yana kai ta awo. Tun da matarsa Maimunatu ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, likita ya ce hawan jini ne da ba a taɓa aunawa ba, Malam ya ɗauki abin da zafi. Tsohon malamin makaranta ne, ya yi karatu fiye da abin da Badarawa take buƙata. Ya bi zaure-zaure yana cewa kowace mace ta je a duba ta sau ɗaya a shekara, ko tana jin garau. Maza suka ce boko ya taɓa shi. Tasalla mai ƙuli-ƙuli kaɗai ta saurara, maƙwabciyarsa, aminiyar marigayiya, gwauruwa mai 'ya ɗaya da ke aure a Zurmi. Duk kaka sai ya goya ta zuwa asibiti a Shinkafi, a auna jini da sukari, a duba nono, a rubuta a katinta. Bara nas ta ce jinin ya fara hawa, kada ta kuskura ta tsallake bana.

Bana kuwa Shari'a ta zo, aka hana goya mata a babur.

Ta fito da mayafin unguwa, katin a ƙulle cikin leda.

"Malam, tada dokin naka."

"Ba ki ji doka ba?"

"'Yan kabu-kabu anka hana. Kai haya kaka yi?"

"Wa zai tsaya tambaya?"

"Ni da haƙora huɗu, kai da gwiwa guda. Wace ɓarna muka iya yi bisa hanyar Shinkahi?"

Bai yi dariya ba. Idonsa na gindin durumi, inda Ɗanbaba tela da 'yan majalisarsa suke zaune suna kallon gwauro da gwauruwa. Ba bulala ya ji tsoro ba. Bakin Ɗanbaba ya ji tsoro.

"An ce za a kawo motar mata zalla. Ki jira ta."

"Kai ne fa ka ce mani hawan jini ba shi sallama."

Ya mayar da babur zaure.

Motar matan sau ɗaya ya taɓa ganinta, a Ƙaura, fes da ita kamar amarya. Motar ba ta san hanyar Badarawa ba. Direbobin kasuwa kuma suka ce ba su sa mace ɗaya cikin maza. Alhamis uku Tasalla tana zama bakin titi har azahar, ta dawo. A ta huɗu ta ce, "Allah ya kai mu baɗi," ta koma kan tuyarta.

Wata huɗu bayan nan ta kife a gefen kasko, baki ya karkace. Wanda ya fara buga ƙofar Malam, Ɗanbaba ne.

"Hito da babur, Malam! Maza!"

"Doka fa?"

"Haba Malam, lalura ce!"

Suka sa ta a tsakiya, Ɗanbaba ya rungume ta daga baya, suka ratsa gari ido na ganin ido. Ba wanda ya tare su. Ashe mace sai ta faɗi take zama lalura. Kwana biyu ta yi a gadon asibiti, tana kallonsa da ido ɗaya, ba magana. A na uku ta cika.

Wurin zaman makoki kowa ya zo da jimla guda, kamar an raba musu a takarda.

"Lahiyatta lau. Kwana ne ya ƙare."

"Kwana ya ƙare, ba musu," in ji Malam. "Amma lahiyar, wa ya auna?"

Aka sunkuyar da kai, aka ce Malam sai haƙuri. Ya so ya zagi wani, ya duba kaf tabarmar, bai ga wanda ya fi shi cancanta ba.

Ranar bakwai 'yarta Rahma ta miƙo masa leda ta kan katanga.

"Baba, ƙarƙashin matashinta na ishe shi. Na ce kai ka san kanshi."

Katin awon ne. Layi shida cike da rubutun nas. Na bakwai fari fat.

Alhamis ta zagayo. Ya fito da babur, ya goge kujerar baya da hannun riga, ya taka ya tashi. Ƙofar Tasalla na rufe da kwaɗo, kaskonta a kife jikin katanga. Injin ya yi ta kaɗawa, shi kuma yana tsaye da kalma uku a bakinsa.

Hau mu tahi.