Rubutun da Ke Jikin Inhela

Shekara tara ina aikin nas a makarantar gwamnatin nan, a ɗaki mai gado ɗaya da sikelin da ke ƙara wa kowa kilo biyu. Ban taɓa zagin malami a gaban ɗalibai ba sai ranar da 'yan ajin ƙarshe suka zauna jarrabawar lissafi. Kuma har gobe ban janye zagin ba.

Akwai wata yarinya mai ciwon asma da ake kira Shiru-shiru. Sunan ya bi jiki, don ko taka ta ka yi, ita za ta ba ka haƙuri. Inhelarta, wato abin shaƙar nan da ke buɗe mata ƙirji, kullum tana aljihunta. Da na lura tana ruɗewa idan ciwon ya taso, sai na yanki 'yar takarda na manna a jikin inhelar, na rubuta mata sau nawa za ta shaƙa, minti nawa za ta jira, da lambar wayar uwarta.

A makarantarmu, kafin a shiga zauren jarrabawa ana laluben aljihu, duk abin da ke da rubutu a jefa shi a kwali. Mai tsaron ƙofa ran nan shi ne malamin da yara ke kira Ba-Sani, saboda a wurinsa ba sani ba sabo. Ya zaro inhelar, ya ga ƙananan lambobi a jiki, ga shi ranar lissafi. Bai tsaya karantawa ba. Ya ce ya kama satar amsa, ya rubuta sunanta, ya kai kwalin ɗakin malamai ya kulle. Ita kuwa baiwar Allah ta shiga ta zauna.

Zauren ya sha sabon fenti, wari kamar ya kashe mutum. Ba a yi rabin awa ba ƙawarta ta faɗo ɗakina a guje. Na tarar da Shiru-shiru ta kifa a kan tebur, ƙirjinta na fito, leɓenta ya fara canja launi. A kabad ɗina babu komai sai farasitamol da bandeji, na gaji da rubuta takardar neman kaya. Na miƙa wa Ba-Sani hannu na ce ya ba ni makulli.

"Sista, wannan kayan shaida ne," in ji shi. "Sai kwamiti ya zauna."

A nan ne na ce masa jaki. Na ce ko jaki in ya ga ɗansa na shure-shure yana tsayawa. Na zura hannu a aljihun rigarsa na fizge makullin, yara ɗari da wani abu suna kallo. Kafin in je in zazzage kwalin in dawo, ta daina gane mutane. A motar malamar turanci muka kai ta asibiti, ta kwana biyu da robar iska a hanci. Da ta iya magana, abin da ta fara tambayata shi ne ko za a bar ta ta sake rubuta lissafin. Idan babu shi, babu takardar gama makaranta, kuma ubanta ya riga ya ce ba zai sake turo ta maimaita aji ba.

Washegari shugaban makaranta ya kira ni ofis. Har kujera ya jawo mini, sai na san da walakin. Ya ce yana jiran rahotona. Ya ce idan na rubuta abin da ya faru, dole a aika hukumar ilimi, a kafa bincike, kuma zargin satar amsa zai zauna a kan yarinyar har a gama. Na san binciken hukuma. Wanda aka fara a kan rufin wani aji da ya faɗo, shekara uku ke nan ba a gama ba.

"Amma idan kika rubuta cewa ta manta maganinta a gida," in ji shi, "rashin lafiya ne kawai. In yaga takardar Malam, ta zauna jarrabawa ranar Litinin."

Na ce, "Yallaɓai, yarinyar da aka zalunta ita za mu ɗora wa laifi?"

Ya ce shi bai ce in yi komai ba, zaɓi ya ba ni.

Na koma ɗakina zuciyata na tafasa. Na rubuta gaskiya shafi biyu cur, da lokaci da sunaye da launin leɓenta. Na karanta, ya yi mini daɗi. Sannan na tuna ba ni ce zan zauna a gida babu takardar gama makaranta ba. Na yayyaga, na ɗauki sabuwar takarda na rubuta layi ɗaya, cewa ɗalibar ta yi sakaci ta bar maganinta a gida. Na sa hannu, na buga hatimi, na tsani kaina.

Ranar Litinin Shiru-shiru ta zo da uwarta. Uwar ta tsaya a ƙofar ɗakina tana ta yi mini godiya da addu'a, ta ce shugaba ya nuna mata rahotona. Sai ta juya ta dungure wa yarinyar kai.

"Kin ga irin wahalar da mantuwarki ta jawo wa mutane? Ba Sista haƙuri."

Shiru-shiru ta dube ni. Ta san na sani. Sannan ta durƙusa ta ba ni haƙuri.