Allurar Ranar Juma'a

An riga an sanya wa Keziya koriyar rigar ɗakin tiyata, an ɗaura mata ruwa a hannu, lokacin da Likita Olusegun ya tsaya a bakin gadonta yana duba takardu.

"Mama, yaushe rabonki da allurarki?"

Lovelyn, 'yarta, ce ta yi saurin amsawa. "Yau kwana goma sha takwas, likita. Ta tsallake ta makon jiya, kamar yadda ka ce."

Shekara tara ke nan amosanin gaɓɓai yana cin Keziya. Ya karkatar mata da yatsu, ya raba ta da keken ɗinkinta a Sabon Gari, daga baya ya cinye gwiwar dama. Allurar da ake yi mata duk mako biyu ce ta dawo mata da hannuwanta. Wata bakwai suna jiran wannan safiya da za a sa mata gwiwar ƙarfe.

Likitan bai rubuta komai ba. Keziya yake kallo, ita kuma ta ƙura wa bango ido.

"Ranar Juma'a," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Lovelyn ta juyo wajen uwar. "Wace Juma'ar? Wannan da ta wuce? Mama, kwana uku fa ke nan!"

"Ebele mai kemis na roƙa ta yi mini. Ban gaya mata zancen aikin ba."

Likita Olusegun ya rufe fayil ɗin a hankali. "Mama, maganin nan yana kwantar da garkuwar jiki ne don ta daina cin gaɓɓanki. Idan na yanka ki yana da ƙarfi a jininki, ƙwayar cuta ta samu ƙarfen nan, wataƙila sai mun sake buɗewa mun ciro shi. Yau ba za a yi ba."

"Amma me ya sa, Mama?" in ji Lovelyn. "Kullum ina kiranki daga Samaru, kullum ki ce lafiya lau."

Keziya ta kalli yatsunta. Da ta yi magana, ba ta ɗago ba.

"Tun ranar Laraba yatsuna suka ƙi. Na shiga banɗaki na kasa riƙe buta. Awa guda ina zaune a ciki. Wa zan kira? Ke da kike tsakiyar jarrabawa?"

Lovelyn ta sunkuyar da kai. Ranar Larabar nan ta kira uwar, har sun yi dariya kan tsadar tumatir.

"Da kin yi shiru yau, ba wanda zai sani sai ciwo ya ruɓe," in ji likitan. "Kin kyauta da kika faɗa. Ku dawo bayan mako uku, ba allura. In ciwon ya tashi, ni za ki kira, akwai abin da zan ba ki."

Nas ta zo ta cire ruwan. Aka tura wani dattijo ɗakin tiyata a madadin Keziya.

A cikin Keke Napep suka kama hanyar gida, har suka wuce Kwangila. Can Keziya ta ce, "Kin yi fushi da ni."

"Yau zan kwaso kayana daga makaranta."

"Jarrabawar fa?"

Lovelyn ta leƙa gaba, ta ce wa direba ya bi a hankali wajen ramuka.